Izinin yawo da bindiga a Amurka: a binciki malami kafin a biya kuɗin aji

Ranar 23 ga watan Yuni na shekarar 2022, kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da sunan Bruen, inda ta rushe wata tsohuwar dokar jihar Niyok wadda ta tilasta wa duk mai son yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafinsa ya fara nuna wa hukuma wani dalili na musamman. Cikin ƴan kwanaki jihar ta kafa sabuwar doka, wadda ta ɗora wa mai neman wannan izini karatun awa 16 a aji da harbin awa 2 a fili. Maganar ta shafi ƴan Nijar mazauna unguwannin Buronks da Halem, da waɗanda ke Girinsboro, musamman masu tuƙin taksi da masu tsaron kanti cikin dare, domin su ne tsoron ƴan fashi ya fi tura wa tunanin sayen bindiga. Duk wanda ya kai ga wannan shawara, abu na fari da zai zaɓa shi ne malamin da zai koya masa, kuma a nan ne mafi yawa ke yin ganganci.

Malami na ƙwarai ana gane shi tun daga tambayar da zai fara yi wa baƙo, watau wace irin takardar zama yake da ita. Dokar tarayya ta yarda wa mai takardar zama ta dindindin ya mallaki bindiga, amma ta haramta wa wanda ba shi da takardu, haka kuma mafi yawan masu zama da bizar ziyara ko ta karatu. Karya wannan doka babban laifi ne, yana kai mutum gidan kaso, daga nan a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Malamin da ya ji harshen ɗalibi, ya san baƙo ne, ya karɓi kuɗinsa bai tambaye shi komi ba, ɗan kasuwa ne kawai.

Sa'an nan sai maganar tsawon karatu, wadda kowace jiha take da nata ma'auni. Ilinoyi, wadda ita ce ta ƙarshe da ta buɗe wannan ƙofa a 2013, tana neman awa 16 da harbin harsashi 30 a nisan yadi 5, 7 da 10. Tekzas ta tsaya a awa 4 zuwa 6 da harsashi 50. Jihar Yuta takan ba da takarda ba tare da ɗalibi ya harba ko da harsashi guda ba, Bajiniya kuwa sai a farkon 2021 ta daina karɓar karatun da aka yi ta intanet kaɗai. Zuwa shekarar 2024, jihohi 29 sun ɗage wajabcin takardar ɗungurungum. Wannan bambanci ya isa ya nuna cewa abin da doka ta ƙayyade, mafi ƙanƙantar abin da ƴan majalisa suka iya daidaitawa a kai ne, kuma ba shi auna gwaninta. Harsashi 30 a kan takardar da ba ta motsi, cikin haske, a nisan da bai kai metir 10 ba, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ma yana iya cin wannan jarrabawa da yammacin ranar da ya fara. Ajin da ke talla da cewa shi ne mafi gajarta kuma mafi sauƙin kuɗi ya riga ya faɗi abin da yake sayarwa, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Harbi shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ke jefa masu takarda cikin halaka rashin sanin doka ne, kuma kotunan ƙasar cike suke da misalai. A watan Yuli na 2018, a garin Clearwater na jihar Fulorida, Michael Drejka, mai cikakken izini, ya tayar da gardama a kan wurin ajiye mota a ƙofar wani kanti. Markeis McGlockton ya fito ya ture shi ƙasa, shi kuwa ya zaro bindiga ya harbe shi, alhali hoton bidiyo ya nuna mutumin ya fara ja da baya. A 2019 aka ɗaure Drejka shekara 20. Takardarsa ta ba shi ikon ɗaukar bindiga, amma ikon harbi yana da nasa sharuɗɗa masu tsauri: sai haɗarin mutuwa ko mummunan rauni ya gabato a wannan lokaci, kuma wanda ya tsokano faɗa da kansa yana raunana hujjarsa gaban alƙali. Malamin da ya san aikinsa zai kashe sa'o'i masu yawa a kan wannan, yana kawo shari'o'i na gaske na jihar, yana koya wa ɗalibi haɗiye zagi da barin wuri. Wanda ya taƙaita dokar duka cikin kalma biyu ta jarumtaka, ɗalibansa na dariya, ya kamata a tashi daga ajinsa.

Akwai kuma iyakokin jihohi, waɗanda direba ke ƙetarewa ba tare da ya lura ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsayar da Shaneen Allen, uwar yara biyu daga Filadelfiya, a kan hanya cikin jihar Niyu Jarsi. Da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga da izinin jihar Fensilbaniya, ba ta san cewa wannan takarda ba ta aiki a can ba. Ta yi fiye da wata guda a tsare, ta fuskanci ɗaurin shekara uku da rabi, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma darasin minti goma da taswira a bango ya isa ya kare ta daga wannan wahala.

Ga baƙar fata mai magana da Turancin koyo, darasin da ya fi kowane nauyi shi ne na haɗuwa da ɗan sanda. Ranar 6 ga watan Yuli na 2016, a jihar Minesota, Philando Castile ya shaida wa ɗan sandan da ya tsayar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, kuma izininsa sahihi ne. Cikin daƙiƙu kaɗan aka harbe shi a kujerar motarsa, kotu ta wanke ɗan sandan a 2017. Laifin ba na Castile ba ne, kuma babu malamin da zai yi alkawarin cewa darasinsa zai hana irin wannan. Duk da haka ɗalibi yana da haƙƙin a gwada masa, a aikace, inda zai ɗora hannuwansa, da kalmomin da zai furta, da yadda zai jira umurni kafin ya taɓa aljihu, a kuma gaya masa ko jiharsa tana cikin masu wajabta sanar da ɗan sanda tun kafin ya tambaya.

Binciken malami ba shi da wuya. A jihohi da dama hukuma tana buga sunayen malaman da ta amince da su, kuma a 2014 ƴan sandan Ilinoyi sun soke izinin wasu da aka samu suna rage sa'o'in karatu, takardun ɗalibansu suka tashi a banza. Shaidar koyarwa ta ƙungiyar NRA ana samun ta cikin kwanaki kaɗan, saboda haka ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Zama tsohon soja ma bai isa ba, domin dokar fagen yaƙi dabam take da ta ƙofar kanti. Mai nema ya tambayi ɗalibai nawa ne ke harbi a gaban malami ɗaya, ya nemi a bar shi ya kalli aji guda, ya lura ko malamin yana barin bakin bindiga ya juya wajen mutane, ya kuma ƙirga lokacin da ake ɓatawa wajen tallar inshora.

Masu cewa awa 18 da kuɗin aji nauyi ne a kan talaka mai aikin dare suna da gaskiya, domin kwana biyu ba aiki asara ce ga mai aika kuɗi Maraɗi ko Tawa kowane wata. Sai dai wannan asara ba ta kai kuɗin lauya na mako guda ba. Kuma cikin waɗannan sa'o'i ne ya kamata a yi maganar ajiya a gida, wadda gajerun azuzuwa ke tsallakewa. Cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka kashe kansu. Mai iyali da ke zaune cikin ɗaki biyu da yara da baƙi ƴan gari yana buƙatar malamin da zai nuna masa akwatin ƙarfe mai makulli, da yadda ake cire harsashi a tabbatar babu saura, kafin ya nuna masa yadda ake zaro bindiga daga ƙugu.