Filin Rimot: Gudu Ba Na Wanda Ba Ya Shan Kwana Ba Ne

Kun san halinmu a Madina: ba mu da teku. Bahar Maliya sai ka je Yanbu, tafiyar sama da kilomita 200. Yawancin masu ƙaramin jirgin ruwa na rimot a masbah ɗin istiraha suke sakin nasu. A ruwa ƙarami irin wannan, kafin jirgi ya buɗe wuta ya iso bango. Don haka kafin ka zuba riyal a babban inji, gyara kwana.

Ko a manyan gasa haka ne. A tseren ƙungiyar IMPBA ta Amurka, wadda aka kafa a 1949, zagaye 6 ne mil ɗaya, wato kwana 12, kuma duk dama ake yi. Yawancin farfela ma, ƙarfin juyinta na danna gefen dama na jirgin cikin ruwa. Shi ya sa jirginka ke shan kwanar dama lafiya lau, ta hagu kuma sai gardama. Ba aljanu ba ne.

Na farko, nauyi. Ɗora jirgin a kan yatsu biyu, da batir a ciki, ka ga inda ya daidaita. Ga jirgi mai ciki ɗaya, ana son wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa, in ka auna daga baya. Jirgi mai santimita 60 ke nan wajen santimita 18. In nauyi ya yi gaba, hanci zai caki ruwa, jirgin ya wulwula. In ya yi baya, sai tsalle-tsalle da kifewa. Matsar da batir santimita ɗaya kawai yana canza abubuwa, kuma ko halala ba ka kashe ba.

Na biyu, wutsiyar tuƙi, ƙarfen nan na baya da ke juya jirgin. Taɓa ta da yatsa. In tana lilo, ɗaure sandar da ke haɗa ta da sarbo. Wasa bakinta na gaba ya yi kaifi. Kada ta karkata fiye da digiri 30; in ta wuce haka ta zama birki. A rimot ake ragewa.

Na uku, wuƙar kwana: ɗan siririn ƙarfe da ake ɗaurawa a baya, gefen dama. Ita ke riƙe ruwa don kada jirgin ya zame waje. In ta lanƙwashe, miƙe ta.

Na huɗu, yatsanka. Sassauta kafin kwana, ka ƙara wuta a fita. Kuma abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan na gaba. In ka taɓa uku a tare, ina za ka san wanda ya yi aiki?

Sai kashedi. Zafin Madina kan haura digiri 45, kada ka bar batirin LiPo a mota. In ka saka jirgi a ruwan Yanbu, wanke gishirin da ruwan daɗi, ka shafa giris. In kuma ya kife a tsakiyar teku ko dam, don Allah kada ka faɗa ruwa. Ɗaura ƙwallon tanis a zaren fatsa, ka jefa, ka jawo shi. Jirgi ana sayen wani.

Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ma'assalam.