Katin inshora a aljihu, sa a kasuwar Maigatari

Wata Alhamis a farkon damina na raka baffana kasuwar Maigatari. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya kai, a daidai lokacin da manomin da ba shi da su ke yawon neman aro. Dillalai sun ga matsuwa a fuskarsa tun kafin ya buɗe baki, kuma kowa ya san yadda ciniki ke ƙarewa idan mai kaya ya fi mai kuɗi gaggawa. Ya karɓi abin da ya samu ya cusa a aljihu, muka kamo hanyar Gumel babu wanda ya ce uffan. Kuɗin na maganin jikansa ne, yaro ɗan shekara 17 da tiramol ya kama har ya fara faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uban yaron yana da katin inshorar lafiya. Yana aiki da wani kamfani a Kano, kuma katin ya ɗauke shi da matarsa da 'ya'yansa. Da shi aka biya kuɗin haihuwa, da shi ake karɓar maganin zazzaɓi, har tiyata an taɓa yi wa matar da shi. Ranar da ya kai yaron asibiti, ma'aikaciyar da ke teburin inshora ta buga wa kamfanin waya neman izini, ta daɗe tana saurare, sannan ta ajiye ta ce, "Malam, sai haƙuri, wannan ba ya ciki." Ta buɗe masa shafin da ke can ƙarshen takardar yarjejeniya, wanda bai taɓa karantawa ba. Ga shi nan cikin jerin abubuwan da ba a biya: duk abin da ya shafi shaye-shaye.

Ba kamfani ɗaya ne ya ƙirƙiro wannan layi ba. Tsohon tsarin inshorar lafiya na tarayya, NHIS, a cikin ƙa'idojin aikinsa ya jera shan ƙwaya da kamuwa da ita cikin abubuwan da ya cire gaba ɗaya, a sahu guda da raunukan yaƙi da na wasannin ganganci. Da gwamnati ta shata wannan layi, galibin kamfanoni masu zaman kansu suka bi sawu. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. A farkon 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokokin sun ci gaba, amma har yanzu iyaye na zuwa tebur ana ce musu ba ya ciki.

Kuma abin ba na gida ɗaya ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan tsakanin shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. Kusan miliyan 3 daga ciki abin ya riga ya zame musu cuta. Masu shan tiramol da kodin da danginsu ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6, kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko an yi gardama a kan adadin, sunan jiharmu ya fito, kuma bayan rahoton BBC na 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. An toshe kwalba, aka koma ƙwaya.

Mu da ke wannan yanki mun san ta inda take shigowa rayuwar yaro. Sau da yawa ba nishaɗi ne mafari ba, aiki ne. Ɗan ƙwadago a gonar riɗi a Gagarawa, mai lodin buhunan zoɓo a Maigatari, ɗan acaɓa da ke keta yashi tsakanin ƙauyukan Sule Tankarkar da bakin iyaka, wani abokin aiki ne zai miƙo masa guda ɗaya ya ce, "Sha ka ji ƙarfi." Ya sha, ya yi aikin mutum biyu, ya samu kuɗin mutum biyu. Bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba, gumi, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci, hamma da hawaye. A nan ba ƙarfi yake nema ba kuma, gudun ciwo yake yi. Masu haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su baliyam sun fi shiga haɗari, don yanke su lokaci ɗaya na iya jawo jijjiga mai kisa. Wannan aikin likita ne, ba aikin ɗaki da kwaɗo ba.

To amma ina likitan? Jigawa na da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. Akwai na Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna mai sashen kula da masu shaye-shaye, akwai na Kware a Sakkwato. Dukansu tafiya ce, kuma jinyar ta makonni ce, wani lokaci watanni: kuɗin gado, kuɗin abinci, kuɗin magani, kuɗin mota na mai zuwa dubiya, sannan komawa ganin likita bayan sallama. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, iyali kan lissafa wannan su ga ba za su iya ba. Sai su nufi inda ya fi araha, gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, da abin da ya biyo baya a Daura a watan Oktoba. An rufe gidajen, an kama masu su. Ban manta ba cewa iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba. Ƙofar da aljihunsu ya iya buɗewa ke nan.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisarmu ta bayan la'asar. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Malam, yaron nan shi ya jawo wa kansa. Don me za a ɗebi kuɗin da muka tara don mai naƙuda da mai ciwon ƙoda a ba wa ɗan ƙwaya?" Maganar tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Asusu ɗaya ne, abin da aka ba wani an rage wa wani. Sai dai ban taɓa jin an tambayi mai hawan jini yawan gishirin da ya ci kafin a ba shi magani ba, ko a kori wanda ya yi gudun wuce sa'a ya karye a hanyar Gumel zuwa Kano. Sannan asusun yana biya ko ya so ko bai so ba. Idan yaron ya faɗi daga babur cikin maye, za a biya ɗorin. Idan ƙodarsa ko hantarsa ta taɓu, za a biya gwaji da gado. An yarda a biya ɓarnar, an ƙi biyan abin da zai tsayar da ita. Shan ƙwaya laifi ne a addininmu, babu mai musu, amma wanda ya zo da ƙafarsa yana neman dainawa tuba ya zo yi, kuma ba a san mu da rufe wa mai tuba ƙofa ba.

Amurka ta bi ta wannan gardama. A 2008 ta yi dokar da ta hana kamfanonin inshora tsaurara sharuɗɗan jinyar ƙwaƙwalwa da ta shaye-shaye fiye da na sauran cututtuka, a 2010 kuma dokar lafiya ta zamanin Obama ta sa jinyar shaye-shaye cikin abubuwan da dole tsare-tsare da yawa su ɗauka. Mutane da dama sun samu magani ta wannan hanya. Amma kuɗin ya jawo ƙudaje. A kudancin jihar Fulorida an samu cibiyoyi da ke biyan dillalai su kawo musu masu kati, suna yin gwajin fitsari ba iyaka suna aika wa kamfani takardar kuɗi, har ya zama komawar mutum ruwa ta fi warkewarsa riba a wurinsu. Idan aka buɗe wannan ƙofa a nan ba tare da mai gadi ba, gidan marin jiya zai yi fenti ya rataya allo ya koma cibiya. Don haka a biya asibitin da ke da likita da rajista kawai, kuma a riƙa zuwa ana duba shi.

Gaskiyar da ta rage ita ce inshorar kamfani ba ta kai yawancin mutanenmu ba. Mai ita a yankin nan ma'aikacin banki ne, ko na kamfanin waya, ko na wata ƙungiya, ko ɗan gida da ke aiki a birni. Su ina ba su shawara ɗaya: su nemi takardar yarjejeniyar su karanta shafin ƙarshe yau, tun kafin buƙata ta taso. Su tambaya a rubuce ko ana biyan ganin likitan ƙwaƙwalwa, kwana nawa na kwanciya, kuma ko kalmar shaye-shaye na soke duka. Ƙungiyoyin ma'aikata su sa wannan cikin ciniki idan za a sabunta yarjejeniya, don kamfani na sauraron mai kawo masa mutum dubu fiye da uba ɗaya da ke tsaye a bakin tebur. Kamfanonin takaful, waɗanda suka shigo da hujjar taimakon juna ga masu ƙyamar inshora saboda addini, su ya fi kamata su fara.

Ga sauran jama'a, maganar tana hannun JICHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, da kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Ina roƙon a rubuta jinyar shaye-shaye ɓaro-ɓaro cikin jerin abubuwan da kati ke biya, yadda babu ma'aikacin da zai buƙaci buga waya. A ware 'yan gadaje a Babban Asibitin Gumel don kwanakin farko na yanke ƙwaya, a horar da ma'aikatan jinya, likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, a kuma ware rana ta mata, don su ne ba a kai su ko'ina saboda kunya. Ƙananan hukumomi huɗu na yankin nan, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, su ne za su amfana, da maƙwabtanmu na Nijar da ke tsallakowa neman magani. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya sun san hanyar ofishin hukumar.

Jikan baffa ya yi makonni shida a asibiti ya dawo. Yana zuwa ganin likita duk wata, kuma kuɗin mota da na magani har yanzu daga aljihu ne, ga katin nan a jakar ubansa. Huɗar bana da sa ɗaya da na aro aka yi ta, kuma sai da mai san ya gama tasa gonar tukuna.