Izinin Shiga Ruwa: Darasi Daga Jiragen Binciken Teku

Ɗalibin da ya tashi a Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, zai iya ɗauka cewa babu abin da ya haɗa shi da teku, tun da tsakaninsa da gaɓarta akwai ɗaruruwan kilomita. Amma wani ɓangare na ruwan saman da ke sauka a wannan yanki yakan gangara Kogin Galma, daga nan ya faɗa Kogin Kaduna, ya shiga Kwara, har ya ƙare a Tekun Atalantika. Haka nan ƙa'idar da aka shimfiɗa wa masu binciken teku ta dace da duk mai ɗibar ruwan tafki domin nazari, wato a nemi izinin masu wuri, kuma a dawo musu da sakamako.

A shekarar 1982 ne ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Montego Bay na ƙasar Jamaika. Nijeriya ta amince da ita a 1986, kuma ta fara aiki a watan Nuwamba na 1994. Yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko a kan mil 12 na teku daga gaɓarta, sannan ta ba ta ikon arzikin da ke cikin ruwa da ƙarƙashinsa har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370. Duk jirgin ruwan bincike na wata ƙasa da ke son aiki a cikin wannan fage, dole ne ya sami yardar ƙasar tukuna.

Ba a neman wannan izini da baki kawai. Wajibi ne masu jirgin su aika da takardar buƙata ta hanyar hukuma, galibi ta ofishin jakadanci, aƙalla wata 6 kafin ranar fara aiki. A ciki za su bayyana manufar binciken, da sunan jirgin da girmansa, da irin na'urorin da ke cikinsa, da ainihin wuraren da za a tsaya, da ranar zuwa da ta tafiya, da sunan shugaban aikin. Bugu da ƙari, ƙasar tana da damar sanya masananta a cikin jirgin, a ba ta rahoto, a kuma raba bayanai da samfurori da ita. Tana iya hana izini idan aikin ya shafi neman arzikin ƙasa kamar man fetur, ko haƙa ƙasan teku, ko amfani da nakiya, ko kuwa masu jirgin ba su cika alkawarin wani aikin da suka yi a baya ba.

Akwai masanan da ke ganin waɗannan sharuɗɗa tarnaƙi ne ga ilimi. Hujjarsu ita ce kifi da igiyar ruwa ba su san iyakar ƙasa ba, kuma jirgin bincike yana cin kuɗi mai yawa a kowace rana, saboda haka jinkirin takarda ɗaya yana iya rusa shirin shekara guda. Wannan kuka yana da gaskiya a cikinsa, kuma ita kanta yarjejeniyar ta yi la'akari da shi. Ta umurci ƙasashe da kada su hana izinin binciken lumana ba tare da dalili ba, har ma ta ce idan wata 4 suka wuce ƙasa ba ta ce uffan ba, masu neman suna iya ɗauka cewa ta yarda. Ke nan doka ta ɗora nauyi a kan ɓangarorin biyu: mai nema ya yi bayani a kan lokaci, mai bayarwa ya amsa a kan lokaci.

Amfanin wannan tsari ga ƙasa irin Nijeriya a bayyane yake. Tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, tana kuma da Cibiyar Nazarin Teku da aka kafa a Legas a 1975, amma jiragen bincike manya da na'urorinsu sun fi yawa a hannun ƙasashe masu kuɗi. Idan babu sharaɗin izini, baƙo zai iya auna kifin ƙasa da ma'adinanta ya tafi, ya fi mai wurin sanin abin da ke gidansa. Jirgin nan na ƙasar Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen, wanda ke aiki tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sha auna yawan kifi a gaɓar Afirka ta Yamma tare da masanan ƙasashen yankin a cikinsa. Irin wannan haɗin gwiwa shi ne abin da neman izini ke haifarwa.

To, ina darasin yake ga makarantun arewacin Jihar Kaduna? Fadamun Kudan da Maƙarfi da Ikara, inda ake noman rake da tumatir da barkono, wurare ne da ɗaliban ilimin halittu ke zuwa ɗibar samfuri. Wasu suna tattara dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wasu suna ƙirga tsutsar sauro, wasu kuma suna auna ragowar maganin ƙwari a cikin ruwa. Waɗannan tafkuna da rafuka suna da masu su: manomin da ke ban-ruwa, da masunci, da makiyayin da ke shayar da shanu, da uwar da ke aiken yara ɗibar ruwa. Idan aka gano cewa tafki yana yaɗa tsargiya, aka rubuta a kundin digiri aka ajiye a ɗakin karatu a Zariya, alhali yaran ƙauyen suna ci gaba da wanka a cikinsa, babu shakka an ci amanar waɗanda aka ɗebi ruwansu.

Saboda haka ya kamata kowane malamin kimiyya ya koya wa ɗalibansa tsarin jiragen teku, daidai gwargwadon tafkin garinsu. Kafin a fita, a rubuta wa ƙaramar hukuma da hakimi takarda, a kuma je wa dagaci da mai unguwa da bayani da Hausa mai sauƙi: me za a ɗiba, a ina, yaushe, don me. A ɗauki ɗan gari guda a tafi da shi, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ya san inda ruwa ke ƙafewa da inda ba ya ƙafewa. Bayan an gama, a koma a gaya wa jama'a abin da aka gani, a miƙa kwafe ga sashen lafiya ko na aikin gona. Su kuma jami'an da takarda ta zo teburinsu, su tuna da ƙa'idar wata 4, su rage ta zuwa 'yan makonni, domin ruwan fadama ba ya jiran sa hannu. Rani yana tsananta, tafkin ya ƙafe, samfurin ya tafi sai baɗi.