FILIN NOMA DA KIWO: A Auna Naman Bijimi Tun Yana Tsaye

Duk wanda ya taɓa shiga kara ya ga yadda mahauci kan dafa gadon bayan sa, ya matsa gindin wutsiya, sa'an nan ya yi tayi. Hannunsa ne ma'auninsa, gaskiyar magana kuwa ba ta fitowa sai an feɗe. To, a wannan mako za mu duba yadda makiyayan Amurka suka sami hanyar leƙa naman bijimi ba tare da an sa masa wuƙa ba.

A da, in ana son a san ko bijimi zai haifi 'ya'ya masu nama mai kyau, sai ya yi barbara, a jira haihuwa, a yi kiwon maruƙan, a yanka su, kana a auna. Kafin a sami amsa shekaru sun shuɗe, kuɗi sun tafi, wani lokaci ma bijimin ya riga ya cika garke da irin da ba a so. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani a Jami'ar Cornell, James Stouffer, ya shiga gwada na'urar sauti a jikin shanu masu rai, watau 'yar uwar wadda ake duba cikin mata masu juna biyu da ita a asibiti.

Ga yadda aikin yake. Akan aske gashin wurin, a shafa man girki domin iska na tare sautin, sa'an nan a ɗora kan na'urar. Ita kuwa sai ta aika da sauti mai kaɗawa sau miliyan 3.5 a daƙiƙa guda, alhali kunnen ɗan Adam bai wuce jin 20,000 ba. Sautin yakan doki fata da kitse da tsoka da ƙashi ya komo tamkar amsa-kuwwa, na'urar ta mai da shi hoto. Tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13 ake auna faɗin tsokar gadon baya da kaurin kitsen da ya rufe ta. Akan kuma auna kitsen kuturi, da wanda ya ratsa cikin tsoka, wanda shi ke sa nama taushi da daɗi, kasuwar Amurka kuma tana biyan kuɗi mai tsoka saboda shi.

A 1998 ƙungiyar masu kiwon shanun Angus ta Amurka, tare da Jami'ar Jihar Iowa, ta soma tattara hotunan a wuri guda domin ƙwararru su fassara su da ma'auni ɗaya. Ana duba bijimai da karsana suna da kimanin shekara guda, a gwada kowanne da tsararrakinsa da suka ci abinci iri ɗaya, don kada a ɗauki ƙibar dusa a matsayin kyan iri. Da yake waɗannan siffofi ana gadonsu, sai maganar Bahaushe ta tabbata, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai fa kada mu ruɗu da ƙarfe. Abin da ya sa na'urar ta yi amfani can shi ne, kowane maraƙi an rubuta uwarsa da ubansa da ranar haihuwarsa, mai saye kuma yana biya gwargwadon darajar nama. Mu kuwa a yawancin kasuwanninmu da ido ake ciniki, ko sikeli babu. Ta haka bijimin da ya kamata ya zama uban garke yakan hau tirela zuwa mayankar Ikko, a bar na baya da shi yana barbara.

Saboda haka muna kira ga masu gidajen gona da cibiyoyin bincike irin ta Shika, Zariya, su fara da littafi da alƙalami da sikeli a kan Bunaji da Bokoloji. In an kafa wannan, na'urar za ta tarar da abin aunawa. In ba haka ba, kuɗinta ya tafi a banza.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.