Mu Duba Lambobin Kafin Mu Ƙara Kuɗi

'Yan'uwa, da yawanmu muna biyan kuɗin intanet na gida kowane wata, amma saukar da takarda ɗaya sai ta ci rabin sa'a. Sai mu ruga sayen ƙarin data, alhali ba nan ciwon yake ba.

Da fari, kamfani yana ƙidaya da megabit, kwamfuta kuwa da megabait. Bit 8 ne bait ɗaya. Wanda aka yi wa alkawarin megabit 16, megabait 2 zai gani. Ba a cuce shi ba.

Na biyu, rauta mai SIM tana da shafin da ke nuna lafiyar sigina. RSRP na -80 yana da ƙarfi, -110 ya raunana. SINR sama da 20 madalla, kusa da sifili kuwa hayaniya ta rufe sigina. Mu ɗaga rautar kusa da taga, mu sake dubawa.

In lambobin sun yi kyau amma saukarwa tana rarrafe da dare, cunkoso ne a turken kamfani. Mu rubuta lambobin, mu kai kuka. In sun yi shiru, mu kira hukumar NCC a 622. Kuɗin guminmu ne.