Wayar Baba Amana Ce a Hannunmu

Daga wani ɗan aji SS2, Ƙungiyar 'Yan Jarida



Na san dokar makaranta ta hana shigowa da waya, kuma ban zo neman a soke ta ba. Maganata a kan wayoyin da muke barowa a gida ne. A yawancin gidajenmu, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, idan waya ta yi gardama ba wajen mai gyara ake fara kai ta ba. Mu ake kira. "Zo ka duba min, ta ƙi buɗewa." "Ke, sa min lambar Yayarki." Baba ne ya sayi wayar da guminsa, amma mu ke sa mata manhaja, mu ke gogewa, mu ke danna "a'a" duk lokacin da ta nemi a sabunta ta. Ra'ayina shi ne mun karɓi wannan aiki amma ba mu riƙe shi da amana ba. Zan fara da laifin kaina.

Kawuna dillalin rake ne. Da kakar rake, a WhatsApp yake magana da masu saye daga Kano da wasu garuruwa. Can suke turo masa hoton shaidar biyan kuɗi, can direbobi ke gaya masa inda suka kai. Wata rana na ce masa, "Kawu, wannan taka tsohuwar yayi ce, bari in sa maka GB." Na karɓo ta a shagon mai cajin waya ta Xender, na sa masa, na nuna masa yadda ake karanta saƙon da aka goge da yadda ake ɓoye cewa mutum yana kan layi. Ya yi dariya, ya sa min albarka. Bayan 'yan makonni, ana tsakiyar lodi, aka dakatar da lambarsa. Kafin mu koma manhajar asali a sake shi, kwanaki sun shige, wani mai saye ya gaji da jira ya koma wajen wani dillali, kuma duk tsofaffin hirarraki da hotunan rasit sun tafi, don ba a ajiye su ko'ina ba. Kawu bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ai na ɗauka ka sani." Har yau wannan maganar ta fi min duka zafi.

To, gaskiya ban sani ba. Ga abin da na sani yanzu. GB WhatsApp da 'yan'uwanta irin su FM da Yo ba kamfanin Meta ne ya yi su ba, shi ya sa ba za ka same su a Play Store ba. Wasu mutane ne da ba mu san sunansu ko garinsu ba suka ɗauki manhajar asali suka sassauya ta. Tun 2019 WhatsApp ke gargaɗin cewa zai dakatar da masu amfani da su. A 2022 kuwa Meta ta kai wasu masu yin irin waɗannan manhajoji kotu a Amurka, tana zarginsu da sace asusun mutane sama da miliyan ɗaya. Ka tambayi kanka: mutumin da bai san ka ba, bai karɓi ko sisi daga hannunka ba, me ya sa yake wahalar yi maka manhaja? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lokacin da muke sa ta, takan nemi izinin ganin lambobin waya, hotuna da saƙonni, mu kuma mu yi ta danna "na yarda" ko karantawa ba mu yi. A cikin saƙonnin nan ne banki ke turo lambar tabbatar da cire kuɗi.

Wannan ya fi tsanani yanzu fiye da da. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, waya ta kira ce kawai. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wayar manomi ta koma aljihunsa. Kuɗin tumatir, na masara da na mazarƙwaila suna shiga ta banki ko ta OPay da Moniepoint. Layin kuma an haɗa shi da NIN. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye, domin duk mai shirin JAMB sai ya tura NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 kafin ya sami lambar yin rajista, kuma layin da ya yi amfani da shi ne zai ci gaba da bin sa har duba sakamako da neman gurbi a ABU ko Nuhu Bamalli. Wayar da ke ɗauke da wannan duka ba wurin gwaje-gwaje ba ce.

Laifinmu na biyu shi ne ƙin sabuntawa. Da yawanmu mun ɗauka dabara ce ta cinye mana data, ko kuma canza launi ne kawai. Wani lokaci akwai sabon salo a ciki, amma babban aikinta toshe ɓaraka ne. Kowace manhaja mutane ne suka rubuta ta, kuma mutum tara yake bai cika goma ba. Idan an gano kuskuren da ɓarawo zai iya bi ya shiga, sai kamfani ya gyara ya turo gyaran. Kamar yaɓen katanga ne kafin damina: wanda ya ƙi yi don bai ga ruwa ba tukuna, ranar da ruwan ya zo ba ya neman izininsa. Google na fitar da irin wannan gyara na Android wata-wata tun 2015, kamfanoni irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung kuma su miƙa wa wayoyinsu gwargwadon yadda suka tsara. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a WhatsApp da ake iya sa wa waya manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus ta hanyar kira kawai, ko da mai wayar bai ɗaga ba. Kimanin mutum 1,400 aka kai wa hari a ƙasashe daban-daban. Maganin da kamfanin ya bayar shi ne kowa ya sabunta manhajarsa. Ba na cewa masu leƙen asiri na farautar wayar Inna. Ina cewa da zarar an san hanyar shiga, ƙananan ɓarayi ma sukan koya, kuma wayar da ba a gyara ba ita ce ta fi sauƙi.

Na san abin da wasu za su ce, don mun yi wannan musu a aji. Na farko, data ta yi tsada. Haka ne. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma kowa ya ji a jikinsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wanda ya kwana a TikTok yana kallon barkwanci ba shi da bakin cewa ba shi da datar sabunta WhatsApp. Bidiyon dare ɗaya ya fi ta ci. Na biyu, wayar ta cika, ba wuri. Buɗe ka gani, me ya cika ta? Bidiyon biki na bara, fim ɗin da aka gama kallo, da gaisuwar Juma'a da ta shigo sau ashirin daga zauruka daban-daban. Na uku, wasu sun ce sun taɓa sabuntawa sai waya ta yi nauyi. Wannan yakan faru, musamman a ƙaramar waya mai ƙaramin memori, kuma ba zan musa ba. A nan kamfanoni ma suna da nasu alhakin. Talaka ya tara kuɗi ya sayi waya, bayan ɗan lokaci a daina turo mata gyara, har manhajoji su juya mata baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da ke ƙasa da 5.0. Wannan abin ƙorafi ne na gaske. Sai dai gazawar kamfani ba ta zama hujjar mu buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunmu ba.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata mu gane. Saƙon da ke yawo a zauruka yana cewa "danna nan ka sabunta WhatsApp ɗinka kafin a rufe shi," ko "danna ka sami data kyauta," ko "cike nan ka karɓi tallafi," ba sabuntawa ba ne. Sabuntawar gaske wuri biyu take fitowa: Play Store, ko cikin saitin wayar kanta. Duk wadda ta zo ta hanyar saƙo, ko da aminin Baba ne ya turo, goge ta. Shi ma turo masa aka yi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ranar Asabar ɗin nan, ka nemi izinin Baba ko Inna ka zauna da wayarsu. Ka cire duk manhajar da ba daga Play Store ta fito ba, amma ka fara adana lambobi da hotuna masu muhimmanci. Ka kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, za ka ga data ta fara auki. Ka sa waya a caji ta cika, sannan ka sabunta, in da hali da datar dare mai araha. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka bar mai wayar ya zaɓi lambar sirrinsa da kansa. Sannan ka gaya musu da baki, a natse, cewa lamba shida da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, ko daga ƙungiyar manoma, ko shi ne sakataren zauren masallaci. Da wannan lambar ake ƙwace asusu, a koma ana roƙon 'yan'uwa kuɗi da sunan mutum.

Ga malamanmu kuma, musamman na darasin kwamfuta, muna roƙon a ware ko da darasi ɗaya a zango a kan wannan. Muna haddace sassan kwamfutar da yawancinmu ba mu da ita a gida, alhali wadda ke aljihun iyayenmu ba wanda ya koya mana tsare ta.

Iyayenmu sun biya kuɗin makaranta don mu san abin da ba su samu damar sani ba. Idan suka miƙo mana waya, wannan ilimin suke nema. Ni dai na koma wajen Kawu na ba shi haƙuri, na gyara masa wayarsa, kuma yanzu duk abin da ban sani ba nakan ce ban sani ba. Wanda bai yarda da ni ba, allon nan na kowa ne, ya kawo martaninsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida mu liƙa a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya tsare mana dukiyar iyayenmu. Amin.