Albasa ta cika kasuwa, masu saye sun yi ƙaranci: wa ke kwana da asara?

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, labarin ɗaya ne daga Tama zuwa Madawa, daga Tamaske zuwa Galmi: albasa ta cika kasuwa, kuɗin buhu ya faɗi warwas. Wasu na ɗora laifin a kan dillalai. Mu dai a ganinmu, matsalar ta wuce nan.

Da farko, kusan kowa lokaci ɗaya yake dashe bayan damina, lokaci ɗaya kuma yake cirewa. Manomi na da bashin taki, da na man injin ban-ruwa, da na 'yan ƙwadago. Mai bin bashi ba ya jira, albasa ma ba ta jira. In masu sayarwa ɗari suka taru a kan mai kamyo ɗaya, ai shi ke yanka farashi.

Na biyu, ba mu ke cinye albasarmu ba. Manyan kasuwanninta suna Akara, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano. In hanya ta toshe, kuɗi ya faɗi tun daga gona. Mun gani a 2023, sa'ad da CEDEAO ta rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli: kamyoyi suka maƙale, kaya suka ruɓe. Ga kuma albasar Holan da jiragen ruwa ke saukewa a Abijan, wadda ke cike duk gurbin da muka bari.

Wannan ciwon ba namu kaɗai ba ne. A Faransa inabi ya yi yawa, masu shan giyarsa suka ragu, har a 2023 aka ware Yuro miliyan 200 don janye rarar daga kasuwa, wasu manoman Bordo kuma suka shiga tuge itatuwansu. Su suna da baitulmalin da zai share musu hawaye. Mu fa?

Abin da ke hannunmu shi ne ajiya. Wanda ya busar da albasarsa da kyau, ya zuba a rudu mai shan iska, ya riƙe har tsakiyar damina, shi ke cin riba, ko da wani kaso ya ruɓe. Amma sai mai jari ke iya riƙewa. Don haka ya kamata ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa su haɗa kai wajen samun bashi a kan kayan ajiya. Iyayenmu mata masu kasawa kuma, ku dubi sana'ar gabu da busasshiyar albasa, domin su ba sa gudun zafin rana.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.